Ɗigo na Biyu

4 ga Fabrairu

Yaya Farfesa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da ɗanmu. Mu nan alhamdu lillahi, ban da tarin da ya addabi uwar yara tun makon jiya, shi ma ya fara sauƙi. Yaya Babba, babbar yayata, tana nan yadda kika ji, sai dai yanzu ba ta iya zama a kujera sai an tokare ta da matashi.

Auta ne, tela, ɗan Baffanki, in yawan manyan mutanen da kike gani bai sa kin manta da ni ba. Rabon mu da haɗuwa tun rasuwar Baba, shekara goma sha ɗaya ke nan. Na kira lambarki sau huɗu, wata mai zaƙin murya tana ce min kina taro. Gara ma da ba ki ɗauka ba, don maganar ba ta waya ba ce, shagona kuma kunnuwa sun fi allurai yawa.

'Yarki, wato 'yata ta fari, tana aji uku a makarantar likitanci. Saboda ke ta shiga. Tun tana firamare take yanko hotonki a jarida, har muka laƙaba mata Ƙaramar Likita. Ranar Talata da hantsi ina tsakiyar yankan rigunan 'yan makaranta sai ga ta a bakin shago, ba jaka, ba sanarwa, ido duk ya kumbura. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye ta miƙo min wata takarda.

Wai malaminsu ne ya haska musu zanen wani dangi a majigi. Ya ce duk mai son sanin ciwon rawa, irin wanda ya kashe Baba, sai ya san wannan zanen, aikinki ne, an fi shekara ashirin ana koyar da shi a ko'ina, a littattafai ana ce masa Dangi na Tara. Da ta ce ke gwaggonta ce har tafi aka yi mata. Sannan ta zauna ta ƙura wa zanen ido. Wa da ƙani a can sama, kakanki da kakana, duka biyun an cike su da baƙi. A ƙarƙashin ƙanin 'ya'ya bakwai har da Baba, da tagwaye a tsakiya. A ƙarƙashin wan kuma reshen mahaifinki mai 'ya ɗaya tilo. Ta ce kafin malamin ya canja hoto ta gama gane mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta koya min karanta shi a kan teburin yanka. Namiji ɗan akwati, mace zobe. Wanda ciwon ya kama a lokacin, baƙi. Wanda yake ɗauke da shi a jini bai fara ba tukuna, ɗigo a tsakiya. A ƙarƙashin Baba mu biyar ne, zobe huɗu da akwati a ƙarshe. Zoben farko yana da ɗigo. Wannan Yaya Babba ce, ga ta nan kuwa a kwance, zanenki bai yi ƙarya ba. Ɗigo na biyu a cikin akwatin yake.

Yaya, na tuna ranar da kika zo ɗibar jini, ke da wani dogon mutum mai farar riga da akwatin ƙanƙara. Dattawa suka ƙi, kika naɗe hannun rigarki kika ce a fara da ke. Kika ce sunan kowa ba zai fita ba, kuma ba wanda za a gaya wa komai sai in shi ya tambaya. Ina da shekara ashirin da biyar a lokacin, ban tambaya ba. Yau ina da arba'in da bakwai da 'ya'ya huɗu. Ina tambaya. Ni ne akwatin nan?

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Ƙanenki,
Auta

27 ga Fabrairu

Yaya Farfesa,

Gaisuwa da fatan alheri. Uwar yara ta warke, yara suna lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da kaina ba.

Kwana ashirin da uku ke nan ba amsa. Ranar Asabar na gan ki a talabijin a shagon mai askin da ke kusa da ni, ana rataya miki lambar yabo. Mai karanta labarai ya ce an ambaci aikinki a rubuce-rubuce sama da dubu tara, ɗalibanki kuma sun zama farfesoshi a jami'o'i goma sha huɗu. Mai askin ya ce, «Ashe kai ɗan manya ne kake zaune nan kana ƙin rage mana kuɗin ɗinki?» Na yi dariya. Amma wanda ya ɗinka miki rigar girmamawar nan bai san kafaɗa ba, ki gaya masa in ji ni.

Da na dawo shago na ce a raina, ta sami takardata. Da labarin mai daɗi ne da tuni ta aiko da layi ɗaya. Mutum ba ya ɓata mako uku yana neman yadda zai ce lafiya lau.

Kin san yadda na Baba ya fara. Ƙafarsa ce take motsi a ƙarƙashin tebur, a ce masa ya daina, ya ce shi bai motsa ba. Sai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. To ni shekara talatin ina taka keke, in na tashi daga aiki ƙafata takan ci gaba da taka iska, tun ina saurayi haka nake, yara har kwaikwayona suke yi. Yanzu in na gan ta tana yi sai gumi ya karyo min. Na ɗora mata dutsen guga jiya don in ga ko za ta tsaya. Zare kuwa ƙirga shi nake, a karo na nawa ya shiga allura. Da safe karo ɗaya, da la'asar har huɗu. Shekaranjiya almakashi ya suɓuce min, na tsaya ina kallonsa a ƙasa har mai ɗinkin ta tsuguna ta ɗauko min. Na yi wa uwar yara tsawa saboda cokali, ta dube ni, na dube ta. Ita ma ta yi jinyar Baba, ta san abin da take dubawa.

Ƙaramar Likita ba ta koma makaranta ba. Ta ce in ni ne, to kowane ɗaya cikin su huɗun rabi da rabi ne. Ki taimake ni da amsa, ko wace iri ce.

Auta

13 ga Maris

Ƙanena Auta,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da iyali, ka duba min Yaya Babba da jiki. Mu duka lafiya, ɗanku yana shekara ta biyu a jami'a, ya fi ubansa tsawo yanzu.

Ka yafe min. Mako biyar na yi a tafiya, jiya na tarar da takardunka biyu a ƙasan tulin wasiƙu, na karanta su a tsaye da jakata a kafaɗa. Shirun da ka ji ba amsa ba ce. Ban san komai ba, kuma zan gaya maka dalili.

Mu masu wannan aikin muna da ƙa'ida. Wanda yake bincike ba ya sanin jinin wa yake dubawa. Kowace kwalba lamba ce a jikinta, littafin da ya haɗa lamba da suna kuma yana hannun mutum ɗaya. Dogon nan da ka tuna shi ne, ma'aikacin ɗakin gwajinmu, Mai Firji muke ce masa don ya fi kula da firjin jini a kan kansa. Shi ya riƙe littafin, shi ya zana zanen.

Ga ƙa'ida ta biyu, ita nake so ka karanta sau biyu. Kafin a buga zanen dangi a mujalla, ana hautsina waɗanda ba su kamu ba. A cikin 'ya'yan mutum ɗaya, sai a mai da babba ƙarami, a ɗora alamar wannan a kan wancan, don kada wani ya gane kansa kamar yadda 'yarmu ta yi. Na umarci Mai Firji ya yi haka a kowane gida. Saboda haka ɗigon da ke cikin akwatin ba lallai naka ba ne. Na Yaya Babba da ya faɗa daidai, in ka hautsina abu biyar wani yakan koma gurbinsa.

Game da ƙafarka da zare: mutum mai shekara arba'in da bakwai da ba ya barci, yana ƙirga kansa daga safe zuwa yamma, dole zare ya ƙi shiga. Ka nemi tabarau. Ka kuma sauke dutsen gugar nan kafin ka karya yatsa.

Laifin zanen nawa ne. Ina da shekara talatin da biyu, ina ɗokin a buga aikina, na bar tagwayen a ciki don masu tantancewa sun ce suna da amfani. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana jikar Baffa za ta zauna a aji a haska mata shi ba. Shekara ashirin da biyu ina yawo da shi daga wannan taro zuwa wancan, ina nuna ku da sandar nuni ina cewa «wannan reshen».

Kada ka yanke wata shawara, kai ko ita, kafin mu yi magana sosai. Akwai masu ba da shawara da aka horar don irin wannan, zan haɗa ka da ɗaya.

Yayarka

25 ga Maris

Yaya,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Takardarki ta zo, na karanta ƙa'idar taki sau biyu kamar yadda kika ce, na ƙara na uku.

Ban yi boko mai zurfi ba, amma na iya ƙirga. Mu biyar, ɗigo biyu. Ɗaya na Yaya Babba. Ɗayan in ba nawa ba ne, to na ɗaya daga cikin yayyena uku ne. Kin ɗauke dutse daga kaina kin ce wataƙila a kan 'yar'uwata zai faɗo, kina jiran in ce na gode? A da kaina kaɗai nake kallo. Ranar Lahadi ta ukunmu ta zo da jikarta, na zauna ina kallon yadda take riƙe kofi har ta ce, «Auta, lafiya kake kallona kamar na ci maka bashi?» Na ce rigarta nake dubawa.

Sannan kin ce kada in yanke shawara, za ki haɗa ni da mai ba da shawara. Yaya, ni ma na zauna a asibiti da Baba. Na san wanda ake kai wa ɗakin mai ba da shawara, ba wanda za a ce masa tashi ka tafi gida ba ne. Ƙaramar Likita ta karanta layin nan ta ninke takardar ta shiga ɗaki. Makarantar sun aiko cewa in ta ƙara mako biyar ba ta zo ba sai ta maimaita shekara. Ta ce me za ta yi da karatun shekara bakwai in hannunta ba zai riƙe allura ba. Akwai wani yaron kirki, malamin lissafi, da yake nemanta, ta daina ɗaukar wayarsa.

Ba na son mai ba da shawara, ba na son tabarau. Akwai littafi, akwai lambata a ciki, akwai mutumin da ya riƙe shi. Kin yi alkawari a gaban dattawa cewa wanda ya tambaya za a gaya masa. Dattawan sun mutu, amma ni ina wurin.

Ke da sauƙi. Na duba reshenku, 'ya ɗaya tilo, zobe fari tas. Ba ki da 'yan'uwan da za a hautsina ki da su. Kin samu amsarki tun tuni a cikin mujalla, kika yi aurenki, kika yi ta tara lambobin yabo. Ki yafe min in na yi zafi. Kwana arba'in da tara ke nan ban ci abinci na ji ɗanɗanonsa ba.

Auta

3 ga Afrilu

Auta,

Ina gaishe ku duka. Mu lafiya.

Ba ka yi zafi ba, gaskiya ka faɗa, har da wadda ban taɓa gaya wa kowa ba. Mahaifina ya rasu a haɗarin mota yana da talatin da shida, kafin shekarun da ciwon yake fitowa, don haka ban san ko ya gada daga kakana ba. Abin da ya kai ni wannan karatun ke nan, ba son ilimi zalla ba kamar yadda nake faɗa wa 'yan jarida. Ranar da Mai Firji ya kawo min zanen, na rufe ofis, na sa yatsa na bi reshen mahaifina har ƙasa. Da na ga zoben fari na zauna a ƙasa na yi kuka. Na karya ƙa'idata ba tare da na buɗe littafi ba. Sau uku maigidan yana neman aurena ina ƙi, a wannan makon na amsa. Da ban ga zoben nan ba da ban yarda na haihu ba. Ni na sami tawa amsar a ɓoye, ku na bar ku da hautsinanne.

Layin mai ba da shawara, kowa nake rubuta wa haka, mai ɗauke da shi da marar ɗauke da shi. Hannuna ne ya saba. Ka gaya wa 'yarmu ban san komai ba, wallahi.

Mai Firji ya yi ritaya shekara shida da suka wuce. Da na nemi littafin a ma'ajiyarmu aka ce ba ya nan, ya tafi da shi, wai bai yarda da kwamfuta ba. Na kira shi. Ya yi murna da jin muryata, ya tambayi kowa da kowa, sai na ambaci Dangi na Tara. Sannan ya ce, «Farfesa, wannan ba a waya ba. Ki zo da kanki, ke kaɗai.» Shekara goma sha shida muka yi aiki tare, ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Tafiyar yini guda ce a mota. Ranar Alhamis zan je. Na sha gaya wa iyalai irin wannan labarin, ɗaruruwa, ina da kujerar da nake zaunar da su da kalmomin da nake farawa da su. Ban taɓa gaya wa wanda na goya yana jariri ba. Duk abin da na gani zan rubuto maka a ranar, ba zan tausasa ba.

Yayarka

16 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa. Alhamis ta wuce, wata Alhamis ɗin ma ta wuce. Kin ce a ranar.

Na gane. Na fara koya wa uwar yara inda nake sayo zare da yadda ake zuba wa keke mai. Ki dai rubuto, don in san ni ne ko wata cikin yayyena. In ni ne na fi so.

Auta

19 ga Afrilu

Auta,

Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Ba kai ba ne. Ba kuma ko ɗaya cikin yayyenka uku. A gidan Baffa mutum ɗaya ce ta gada, Yaya Babba. Na ga lambarka da idona, na ga sunanka a gefenta, na ga sakamakon, Mai Firji ya gwada kowane jini sau biyu. Abin da ba ka da shi ba za ka ba 'ya'yanka ba, su huɗun sun fita. Ka kira 'yarmu ka karanta mata wannan, ta haɗa jakarta ta koma makaranta gobe.

Yanzu ka zauna in gaya maka dalilin da ya sa na yi kwana goma sha biyu ban iya ɗaukar biro ba.

Na same shi a bayan gidansa yana gyaran wata tsohuwar fanka. Ya tsufa ƙwarai, ya rankwafa. Ya shigar da ni ɗaki, ya kori jikokinsa, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littafin yana naɗe a cikin tsohuwar farar rigarsa ta aiki. Na ce masa layin gidan Baffa kawai nake so, ya rufe sauran da takarda. Ya yi haka. Na karanta sunaye biyar, na ga ɗaya kawai ke ɗauke da ciwon. Na ce, «Malam, a zane biyu ne.» Ya ce, «Biyu ne.» Na ce, «To ina na biyun ya fito?»

Ya cire tabarau ya ajiye a gwiwa. Ya ce, «Farfesa, kin ce in hautsina 'yan'uwa da 'yan'uwa. Na bi gida-gida ina yi, har na zo kan wadda ba ta da 'yan'uwa. Na san za ki duba. Duk wanda ya san ki ya san za ki rufe ƙofa ki duba.»

Ya ci gaba.

«Masu ɗigo goma sha ɗaya ne, kin riga kin rubuta jimillar a rahoto, ba zan iya goge ɗaya ba. Sai dai in matsar da shi. Na duba gidan da ya fi yawa, na duba sunaye, na ga tela. Na ce wannan bawan Allah me zai haɗa shi da mujallar masana har abada? Na ɗora masa. Ko hautsina gidan nasu ban yi ba. Na ce in kin kai hamsin zan gaya miki. Kika kai, na ga hotonki da ɗanki, na kasa.»

Ɗigon nawa ne, Auta. Shekara ashirin da biyu kana ɗauke min da shi ba ka sani ba, wata biyu da rabi kuma ka ɗauke shi da saninka, kai da 'yarka.

Ban yi masa faɗa ba. Yana kuka yana cewa in yafe masa, ni kuwa ina kallon fankar da ya bari a buɗe. Na fito na shiga mota. Akwai wani gwaji da nake yi wa marasa lafiya, in ce su fito da harshe su riƙe shi har in ƙirga goma. Mai ciwon ba ya iyawa, harshen yakan koma da kansa. Na yi wa mutum sama da dubu biyu. Na juyo madubin mota na yi wa kaina. A bakwai ya koma. Na ce tsoro ne. Na sake, ya kai goma. Na sake, takwas. Na san abin da zan ce da ɗalibina in ya kawo min irin wannan sakamakon: bai isa hujja ba. Amma tun bara nake zubar da shayi a kan takardu ina cewa gajiya ce.

Shekarata hamsin da huɗu. Na san kowane mataki, ni na rubuta babin da ake koyar da shi. Na san abin da zai fara tafiya da abin da zai rage har ƙarshe. Za a sake gwada jinina, haka ƙa'ida take, kai ma in kana so a sake naka don hankalinka ya kwanta. Zan rubuta wa mujallar cewa zanen da aka kwafa a littattafai sittin akwai ƙarya a cikinsa, su yi abin da za su yi da sunana. Wannan bai dame ni ba kamar yadda na zata.

Maigidan ya sani tun shekaranjiya. Ɗanku bai sani ba. Yana da shekara ashirin, jiya ya zo hutu yana ba ni labarin ƙwallo, ni kuma ina kallon yatsunsa a kan tebur. Rabi da rabi. Ni na kawo shi, da hujjar zoben da ba gaskiya ba. Tsoro nake ji irin wanda ban san akwai shi ba, kuma kai kaɗai na sani da zai gane.

Ka yafe mana, ni da tsohon.

Yayarka

26 ga Afrilu

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Yaya jikinki? Karo na farko ke nan da na rubuta wannan tambayar ina nufinta.

Zan gaya miki abin kunya. Layi huɗu na farko kawai na karanta na yar da takardar, na fita tsakar titi ba takalmi ina kiran uwar yara. Na yi sujada a kan ƙyallaye. Mai aski ya zaci gobara ce. Ƙaramar Likita ta rungume ni muna kuka muna dariya. Sai da muka natsu ta tsinci takardar a ƙarƙashin keke ta ce, «Baba, akwai saura.» Ita ta karanta min. Murnar tana nan a ƙirjina har yanzu, ta ƙi fita, kuma ina jin kunyarta duk lokacin da na tuna da ke.

Tsohon nan, na kwana biyu ina tsine masa. A na uku na tambayi kaina, da ni ne riƙe da littafin, ke kuma kina ɗakin da ke kusa kina jira, me zan yi? Ban sami amsar da zan yi alfahari da ita ba. Ki ce masa telan ya karanta mujallar, kuma ya yafe.

'Yarki ta koma ranar Litinin. Ta ce ranar da za ki gaya wa ɗanmu, in kina so, za ta zo ta zauna kusa da shi, don ta san yadda daƙiƙar farko take.

Yanzu ki saurare ni, don a nan na fi ki sani. Ke kin duba mutum dubu biyu, kowanne rabin awa. Ni shekara tara na yi da Baba, shida da Yaya Babba. Ba a cika kofi, rabi ake zubawa. Ba a yi masa magana yana haɗiya. In faɗan ya taso ba a musu, a fita a dawo. Akwai shekaru masu kyau a gaba kafin masu wuyar, Baba ya yi biyar yana zuwa kasuwa da ƙafarsa, kada ki zauna kina ƙirga harshe a madubi ki ɓata su. Na gwada irin wannan zaman, ba ya hana komai.

Abin da ya fi ƙona wa Baba rai ba rawar ba ce, ranar da ya kasa saka maɓallin rigarsa ne aka zo ana saka masa a gaban yara. Tun daga nan na koyi wani ɗinki. Daga waje maɓallai ne reras, kowa zai rantse na gaske ne, daga ciki kuwa manne ne irin mai kama juna, da tafin hannu ɗaya ake rufe shi. Ya yi shekara huɗu yana sa kayansa da kansa, har abokansa ba su gane ba. Ban ce kina bukata yanzu ba. Amma kina da taruka a gaba, za ki tsaya a gaban mutane, kuma ina so ki saba da su tun ba wanda zai ce don me.

Ki sa maigidan ya auna ki da tef: faɗin kafaɗa, tsawon hannu zuwa wuyan hannu, ƙirji, da tsawo daga kafaɗa zuwa idon sawu. Kada ya ja tef ɗin da ƙarfi. Ki faɗa min launin da kike so. Na share teburin yanka, ina jira.

Ƙanenki,
Auta